Jita a Kwalin Fanka

Shekaranjiya wani saurayi ya shigo mini shago riƙe da fikof ɗin jita, gefensa ya narke, wayoyin sun cure wuri guda, sai warin ƙonanniyar roba yake. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce in ɗan taɓa masa, wai ya gani a waya, sukuru biyu ne da ɗigon dalma, yanzu-yanzu an gama. Na ce to, tun da abin banza ne, me ya kawo ka Sabon Gari da ranar nan? Ya tsaya yana sosa ƙeya. Abin da ke ƙona mini rai da ku ke nan, samarin yanzu. Kun ga hannun Bature a waya yana aiki cikin ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta rawa, shi ke nan kun iya. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin sukuru biyun nan.

Sambo mai rediyo ake ce mini, ko da yake rabon da a kawo mini rediyo har na manta. Amfilifaya nake gyarawa, da lasifika, da jitar lantarki. Fikof shi ne kunnen jita. Mayen ƙarfe ne aka naɗe da wayar tagulla da ta fi gashin kai sirantaka, aka kwantar da shi ƙarƙashin tsirkiya. In tsirkiya ta girgiza shi ke ji, ya kai wa amfilifaya, ita kuma ta faɗa wa duniya. Kunnen kuwa iri-iri ne. Akwai mai naɗi ɗaya, muryarsa garau, amma ɗan tsegumi ne, gunjin janareta da na fanka da na kowace waya da ke bango sai ya kwaso. Akwai mai naɗi biyu, ɗaya na kashe gunjin ɗaya, muryarsa da kauri. Akwai kuma mai batir, wanda aka toshe ruf cikin baƙar roba tun daga kamfani, shi ba ruwansa da maganar kowa.

Aikin farko da maigidana ya ba ni da hannuna naɗin fikof ne. Mutumin Gana ne, Papa muke kiransa, a nan layin ya tsufa. Ya cire kan wani tsohon keken ɗinki ya ɗaura ƙashin fikof, wato robar da ake naɗa wayar a kai, a jikin wilin, ni kuma in riƙa taka feda da ƙafa, wayar tana bi ta tsakanin yatsuna biyu. Ka matse ta tsinke, ka sassauta naɗin ya yi sako-sako. In ta tsinke ba ya zagi, sai ya miƙo mini reza in yanke duka in sake daga farko, ya koma shan shayinsa. Na yi damina guda a kan keken nan kafin ya bar ni in taɓa ƙarfen soda na liƙa waya da dalma. Da na gama wanda ya yi, na jona shi a hankali na ji yana magana, na kawo masa ina washe baki. Ya ɗauki amfilifaya ya murɗa ta har ƙarshe. Fikof ɗina ya ƙwalla wata ƙara da ta sa mai tsiren da ke tsallaken titi ya yar da wuƙa. Papa ya kashe, ya ce da Hausarsa mai karyewa, abin da ba ka ji da ƙarfi ba, ba ka gyara ba. Daga nan ya koya mini jiƙa fikof a cikin kaki, don wayar ta kama jikinta ta daina rawa.

Masu kawo mini aiki kowa da irin kunnen da yake nema. 'Yan kiɗan coci na nan Sabon Gari suna son mai laushi, wanda ba zai danne mawaƙa ba. Buzaye kan shigo ta Illela da jitocinsu cike da yashi, su mai naɗi ɗaya suke so, in ka ce za ka kashe musu gunjin sai su ce ka bar shi, sun saba. Amma tuwon gidana ba daga jita yake fitowa ba. Daga masallatai yake, amfilifayar da ta ƙone da lasifikar da ta shaƙe, daga Gawon Nama har cikin tsohon gari. Ladanai sun san shagona fiye da yadda makaɗa suka san shi.

Wata ranar Asabar wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar shago, da takunkumi a fuska, ya ɗauro dogon kwalin fanka a baya. Na ce ba na gyaran fanka. Ya ce in dai bari ya shigo da ita daga ciki. Sai da ya saki labule sannan ya buɗe kwalin, sai ga baƙar jita mai tsirkiya bakwai. Da ya cire takunkumin na gane shi. Attahiru ne, ɗan limamin wani masallaci a Ƙofar Marke, ni ke gyara musu lasifika tun yana ɗan makarantar allo. A lokacin ya haura talatin, yana aikin gwamnati, yana da mata da 'ya'ya, yana zaune a sashensa cikin gidan mahaifinsa. Ƙafa ta fara gagarar Malam, saboda haka sau da yawa shi ke jan mutane salla.

Tun yana jami'a yake kaɗa jita, kuma babu mahalukin da ya taɓa jin sautinta a fili, har shi kansa. Yakan jona ta da kwamfuta ya toshe kunne da iyafis, in ka tsaya bakin ƙofarsa ba abin da za ka ji sai ɗan ƙas-ƙas kamar ɓera na cin kwali. Maƙwabtana har suka saba da shi, in ya sauke kwalin sai su ce, Malam, fankar nan taka ba ta jin magani. Ya yi dariya cikin takunkumi ya shige.

Kiɗan da yake yi metal suke ce masa, irin na zamani. Ranar da ya fara sa mini a kunne na ɗauka injin niƙa ne ya haɗiye cokali. Amma ni mai gyara ne, dole in saurara, kuma da na saurara na gane abin da kiɗan ke nema. Ana sassauta tsirkiya har muryarta ta koma ƙasa can, a matsa wa amfilifaya har ta riƙa gurnani, sannan a danne tsirkiyar da gefen tafin hannu ana sara da sauri. Kowane sara dole ya fito shi kaɗai, ya tsaya cak, kada ya ja jela. Fikof ɗin da ya zo da jitarsa ba ya iya wannan, in ya sara na ƙasa sai sautin ya caɓe ya zama kunu. Shekara da shekaru yana haƙuri da shi, sai ga dalilin canji ya zo. Yakan ɗora kiɗansa a intanet da wani suna, wasu 'yan Jos masu irin wannan kiɗa suka ji, mai jitarsu kuma ya bar ƙasar. Suka ce ya zo ya tsaya da su a wani taro bayan ƙaramar salla, in ya yi musu ya zama nasu. Ya shirya zai ce a gida aikin ofis ne zai kai shi.

Na ba shi shawara tun ranar. Na ce mai batir za ka sa. Yana da kaifi, ba ya caɓewa, kuma ba ka san irin wutar da za ka tarar a can ba. Ina da guda a shago, na ɗaura masa ya tafi da shi gida. Kwana kaɗan ya dawo yana yatsina fuska, wai a iyafis muryarsa a matse take, ba rai. Ya fito da wasu biyu da ya yi oda, masu naɗi biyu da murfin ƙarfe mai walƙiya, mayensu irin mai ƙarfin nan. Ban ce ba su da kyau ba. Na auna su da mita, naɗin ya cika, kuma irinsu na yin metal sarai. Na cire nawa na sa nasa, ya toshe kunne ya kaɗa, na ga fuskarsa ta sake.

"Baba Sambo, wanga shi ni ka so," in ji shi. "Saurara ka ji yadda shi ka numfashi."

"Numfashin ga shi za ya kunyata ka."

Na karɓi jitar, na bar masa iyafis a kunne. Na ƙwanƙwasa murfin fikof da sukundireba, ya zabura. Na kai bakina dab da fikof ɗin na ce, Attahiru, kana ji na? Ya fizge iyafis ɗin yana kallona, don muryata ya ji raɗau a cikin kunnensa. Fikof na kirki tsirkiya kawai yake ji. Wanda ke jin muryar mutum ba a jiƙa shi da kaki ba, wayarsa na rawa a ciki. A iyafis wannan rawar daɗi take, ita ce ran da yake faɗa. Amma a gaban babbar sifika zai ji sifikar, sifikar ta ji shi, su kama ihu su biyu ba mai raba su. Mutumin da bai taɓa barin jitarsa ta yi magana a fili ba, ta ina zai san wannan? Na ce a jiƙa su. Ya ce a'a, ya karanta cewa kaki na kashe murya, kuma kwamfutarsa na da abin da ke yanke ƙara.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce kwamfutarka ce za ta tsaya gaban mutane ko kai? Ba a fafe gora ranar tafiya. Jitar nan ba ta barin shagona sai an ji ta da ƙarfi, kuma a hannunka, don da saran mai shi ake daidaita fikof. Ya leƙa ta gefen labule ya dubi titi. Ya ce, "A nan? Baba, rabin masu wucewa sun san ni." Gaskiyarsa ce. Na ce to, akwai inda ba kowa sai tsuntsu.

Wana Mamman na noman rani a fadamar Rima, can bayan Kwalkwalawa. Lokacin shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun addabe su, kowa na bakin gonarsa da gwangwanaye a igiya yana kaɗawa. Da sassafe muka ɗauki shatar keke, muka loda babbar amfilifayar shago da sifika mai baki huɗu da ƙaramin janareta, kwalin fanka a bisa. Ni kuma a jakata na sa kyandir da kakin zuma da tsohon gwangwanin madara, ban gaya masa ba. Na ce wa Mamman wani abokin ciniki ne zai gwada kaya. Ya ce mu yi ta yi, in ma za mu tashi aljannu ne, shi dai a tashi tsuntsayen tare.

Muka kafa kaya gaban rumfarsa. Attahiru ya rataya jita, ya tsaya gaban sifika, na murɗa. Ko tsirkiya bai taɓa ba abin ya ƙwalla. Ƙara ce siririya mai shiga haƙori, jakin da ke ɗaure a bayan rumfa ya tsinke igiya, jan-baki suka tashi daga gonar baƙi ƙirin. Ya danne tsirkiya da hannu biyu, ba ta daina ba, don ba daga tsirkiya take ba. Ya juya baya, ya matsa gefe, duk a banza. Na bar shi ya sha sosai kafin na kashe, don na san in na kashe da wuri gobe zai sake yi mini musu. Ya zauna kan buhun taki, zufa na zuba. Can ya ce, "Da haka za ta yi mani a Jos." Na ce da haka, gaban mutanen da suka kira ka.

A nan rumfar na yi aikin. Na kwance fikof biyun, na ɗora tukunyar ruwa a murhun Mamman, na sa gwangwani a cikin ruwan. Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta, ku ji da kyau, in ya yi zafi da yawa ƙashin fikof zai lanƙwashe, ka yi asarar kayan mutane. Kyandir ya fi yawa, kakin zuma kaɗan, don kyandir shi kaɗai in ya bushe tsagewa yake. Ruwan kada ya tafasa, in ya fara motsi ka janye itace. Na ɗaure fikof da zare na zura shi a hankali, ƙananan kumfa suka fara tasowa, iskar da ke ɓoye tsakanin wayoyin ke nan. Ba agogo ake dubawa ba, kumfar ake kallo, sai ta ɗauke ɗif. Attahiru ya tsuguna gefena yana kallo kamar wanda ake yi wa ɗansa kaciya. Muka shanya su a inuwa, muka yi azahar, shi ya ja mu, muka sha furar da matar Mamman ta aiko.

Da rana ta ɗan karkata na mayar da su, na liƙa wayoyin. Na ce ya riƙa sara ina juya sukuru. Fikof ɗin da ke kusa da gindin tsirkiya shi ne mai aikin metal, in ya matso sama da yawa sautin ya kumbura ya caɓe, in ya yi ƙasa ya rame. Na sauke gefen manyan tsirkiyoyi, na ɗaga gefen ƙanana, yana sara ina saurare, har muka kai inda kowane sara ke fita da baki ya tsaya. Sannan na murɗa amfilifaya inda take da safe.

Da farko tsoro ya ji. Ya sara sau ɗaya, iskar sifika ta kaɗa masa ƙafar wando, ya ja da baya yana dariya irin ta wanda bai shirya ba. Ya ce, "A ƙirji ni ka jin ta." Na ce ai nan ake jin ta, da can ina kake ji? Hannunsa na dama ya saba da sakaci, don iyafis na yafe abin da sifika ba ta yafewa, tsirkiyoyin da ba ya kaɗawa suna ta gunaguni. Na nuna masa, ya gyara zaman tafinsa. Daga nan ya shiga. Wallahi ban san lokacin da na ajiye sukundireba ba. Har yau ban ce ina son kiɗan nan ba, amma na san gwani in na ji shi, na ga makaɗa iri-iri a shagona, kaɗan ne suka kai shi. Ya cire hula, ya rufe ido, jan-baki kuwa ko ɗaya bai sake sauka ba, a gonar Mamman da duk na kewaye. Manoma suka bar gwangwanayensu suka taho, suka tsaya nesa-nesa suna kallo.

Cikinsu akwai wani tsoho, Ɗan-Jumma, mai gonar da ke gabas da ta Mamman. Ya matso, ya kare ido da hannu, ya ƙara matsowa. Sai na ga ya cire takalmi ya durƙusa a cikin laka.

"Allah shi gafarta Malam. Ashe kai na. Ina Malam babba, ya ƙafa tai?"

Ashe duk kaka shi ke kai buhun shinkafa gidan su Attahiru, a zauren Malam ya yi karatu yana saurayi. Attahiru ya tsaya da jita a wuya, takunkumi na can cikin kwali, ba hula. Ya dube ni. Na kai hannu zan kashe, ya girgiza kai. Ya amsa gaisuwar tsohon yadda ake amsawa, ya tambayi iyali da ruwa da amfanin gona, ya ce ya tashi daga laka. Sannan ya ce mini, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba. Ƙara mata." Ya kaɗa har la'asar ta yi.

Ɗan-Jumma ba mugu ba ne, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan, don ba wanda zan zaga. Juma'ar da ta biyo ya ɗauki zabi biyu ya tafi Ƙofar Marke godiya. Gaban almajirai da dattawan unguwa ya ba da labari, wai Malam ƙarami ya zo musu da wata garaya mai inji ya kore musu tsuntsu yini guda, Allah shi ƙara albarka. Har sunana ya faɗa, don a san wanda ya kawo injin.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba a yi sati ba ladanin masallacin su Attahiru ya zo ya karɓi amfilifayar da ya kawo, ko murfin ban rufe ba, ya ce an ce a kai wani wuri. Bai haɗa ido da ni ba. Daga shi sai na kusa da su, sai na gaba, magana ta bi tsohon gari cewa Sambo ne ke lalata 'ya'yan malamai. Ni da na hau tsani da tsufana na ɗaura musu lasifika a hasumiya, ni da ake tasowa da asuba in wuta ta ƙona musu kaya ranar Idi. Mutum mai 'ya'ya, da gemunsa, da jitar da ya saya tun ban san yana da ita ba, ni na lalata shi? Shekarar kuma aka rufe boda, Buzaye suka ɗauke ƙafa. Na koma gyaran tocila da cajar waya, har fankar da na ce ba na gyarawa na gyara, ta gaske. Amfilifayoyin da aka ɗauke mini kuwa irinku aka kai wa, masu gani a waya. Ina wucewa ina jin kiran salla na fita da gunji da tari, in ji kamar in tsaya in hau. Akwai wanda ya ce mini da ban matsa a je gona ba da duk haka ba ta faru ba. Na ce da na bar shi ya je Jos ya tsaya gaban jama'a jitarsa na ihu kamar an taka ɗan kwikwiyo, shi ne gyara? Gobe ma aka kawo mini irin aikin haka zan yi.

Ƙaramar salla ta zo ta wuce ban ga Attahiru ba. Sai bayan babbar salla ya zo, da rana tsaka, ba takunkumi, kwalin a bayan babur. Maƙwabta ba wanda ya yi masa barkwancin fanka. Ya shigo da kwalin, ya gaishe ni ya zauna a benci, ya rame kaɗan.

Na ce, "Jos hwa?"

"Sun samu wani."

"Malam ya hana ka?"

"Bai hana ni ba. Ko hwaɗa bai yi ba." Ya murza makullin babur a hannunsa. "Ya ce shi dai ƙahwa ta ƙare, kuma mutanen ga ba su bin makaɗi salla. In za ni tahiya, in hwaɗa mai wanda za ya tsaya gaba, shi ji."

Ban ga laifin tsohon ba, ya faɗi abin da yake gaskiya a unguwarsu. Na ce to, ai ba a rasa komai ba, ɗakinka na nan, iyafis ɗinka na nan, ka koma yadda kake. In kakin ne ya dame ka, in sa maka wasu.

"Ba kaki ba na, Baba. Aikinka ya yi. Na gwada, ba sau ɗaya ba." Ya nuna kunnensa. "Tun ranar gona, in na sa abin ga sai in ji kamar sauro. Da can ban san sautin ƙarami na ba."

Wannan maganar ta fi ɗauke amfilifayoyin yi mini ciwo. Ya tura kwalin ƙarƙashin teburina da ƙafa. Ya ce in ba da jitar ga wanda zai buɗe mata murya, kada in ba mai toshe kunne. Ya dubi inuwar da ke bakin ƙofa, ya ce la'asar ta kusa, mutane na jiransa. Ya hau babur ya tafi.

Na daɗe zaune. Sannan na tashi na yaye labule, na jawo babbar sifika har bakin titi, na fito da jitar na jona. Na ce yau duk wanda zai ji ya ji, me ya rage a ɗauke mini? Na tsaya dab da bakin sifikar, na ɗora hannu kan tsirkiya, na murɗa amfilifaya har inda ta tsaya. Ba ƙara, ba ihu, sai ɗan huci can ƙasa wanda sai ka kasa kunne. Masu wucewa ba wanda ya ko waiwayo, ba su san a kunne take ba. Tun ina kan keken Papa ban yi aikin da ya kai wannan ba. Na tsaya riƙe da ita a tsakiyar Sabon Gari, ni da ban iya kaɗa ko baiti ɗaya ba, har hannuna ya gaji na kashe.